Ƙarfen da ke Kusurwar Teburinta

Matata ta yi shekaru tana neman wani ɗan ƙarfe ya yi rawa shi kaɗai a kusurwar tebur. In na faɗi haka sai mutane su dube ni su ga ko zolaya nake. Ba zolaya ba ce. Aikin digirin digirgir ɗinta ke nan a fannin fiziks, kuma ni ne mijin da ya sallama ɗaki guda cikin ɗakuna biyu saboda shi. Ranar da ƙarfen ya yi rawar ina masallaci, ban gani ba. Na gani daga baya, lokacin ba ta duniya, kuma labarin wannan ganin ne zan bayar.

A Mpape muke haya, a gefen Abuja, can saman tudu, inda mota ke hawa tana kuka. Ni ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, aikina in ɗauki fayil daga teburin da ba a karanta shi ba in kai teburin da ba za a karanta shi ba. Ita kuwa tana koyarwa a jami'a. A can ba ta samu inda za ta kafa kayanta su kwana ba a taɓa su ba, sai ta kwaso su gida. Na yi ƙorafi, don ni mutum ne mai ƙorafi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in kama mata ɗaya gefen teburin.

Abin da ke kan teburin faifan katako ne mai kusurwa huɗu, cike da ramuka a jere. A kowane rami an kafa siririn tsinken ƙarfe a tsaye, a kansa kuma ɗan dunƙulen ƙarfe mai faɗin kwabo. In ka taɓa ɗaya sai ya yi ta lilo. Tsakanin kowane ƙarfe da maƙwabcinsa akwai ɗan sifirin, amma iri biyu ne, mai kauri da siriri. Masu kaurin suna ɗaure ƙarafan huɗu-huɗu, kuma kowane huɗu tana kiransu gida. Siraran su ke haɗa gida da gida. Da yamma in na dawo daga aiki nakan zauna in taya ta maƙala su, mai kauri, siriri, mai kauri, siriri, har yatsuna su yi zafi. A kan kowane ƙarfe tana ɗiga farin ruwan goge rubutu da nake ɗauko mata daga ofis, don idon na'urarta ya samu abin kallo.

Na'urorin biyu ne, kuma na jami'a ne, aro aka ba ta. Ɗaya ba ta fi gwangwanin madara ba, ita ke girgiza faifan, a hankali ko da sauri, yadda aka umarce ta. Ɗayar tana harba ɗan jan haske a kan farin ɗigon, ta gaya wa kwamfuta yawan motsinsa.

Wata rana na ce mata, "To Dakta," don tun ba ta zama ba nake kiranta haka, "in an girgiza tebur ai duk abin da ke kai zai girgiza. Wannan ko kakata ta sani."

Ta ce, "Kakarka ta yi gaskiya, Yallaɓai, sai dai ba ta ƙarasa ba. Akwai saurin girgizar da gidajen tsakiya ba sa amsawa ko kaɗan. Ka kaɗa har ka gaji, suna tsaye ƙyam. Masana sun daɗe da gano cewa a wasu abubuwan, in tsakiya ta ƙi, gefe ne ke ɗauka, girgizar ta bi baki-baki ta zagaye. Matakin farko ke nan. Nawa shi ne na gaba. Tsakiya ta ƙi, gefe ma ya ƙi, sai girgizar ta tattara a gefen gefe."

"Ina ne kuma gefen gefe?"

"Kusurwa mana. Kuma ba wai ƙarfen ne ke da wani sirri ba, na kasuwa ne. Jerin ne kawai. In jerin ya yi daidai, ko ka zare ɗaya a tsakiya, ko ka lanƙwasa wani, na kusurwa ba ruwansa, rawarsa zai yi."

Don hakan ta samu, ta cire sahun ƙarafan da ke bakin faifan duka. Gidajen gefe suka koma biyu-biyu, gidan kusurwa ya koma mutum ɗaya tak. Na ce mata ta raba bawan Allah da 'yan gidansu kuma tana so ya yi mata rawa, ni ma in ni ne ba zan yi ba. Ta jefe ni da sifirin.

Sau ɗaya na tambaye ta amfanin abin. Ta nuna min tsagar da ke bangon ɗakinmu, wadda fashin dutse ya yi, ta ce duk wanda ya iya tura girgiza inda yake so, ya iya kawar da ita daga inda ba ya so. Sai ta ƙara da cewa, "Amma maganar gaskiya, ni dai so nake in gani da idona."

Matsalar ita ce ƙasar Mpape ba ta zama lafiya. Da rana masu fasa dutse suna tayar da nakiya, kofuna su yi ƙara a kan kanta. Tifofi suna gangarowa da kaya, ka ji su a tafin ƙafarka kafin ka ji su a kunne. Bayan bangonmu akwai injin markaɗe. Da dare kowa ya tayar da janaretonsa. Ranar Lahadi coci-coci su saki ganguna tun safe. Na'urarta mai jan haske kuwa ba ta san bambancin girgizar da aka umarta da ta maƙwabta ba, duk kwasa take ta zuba a kwamfuta. Matata ta gwada kowane lokaci, daga ƙarshe ta gano lokaci ɗaya da tudun ke yin tsit, wato sa'ar sallar Juma'a. Wurin fasa dutse yakan tsaya, a tare hanya da tabarmi ba tifar da za ta wuce, mai injin markaɗe ya kulle, masu walda su kashe janareto. Daga hawan liman mumbari zuwa sallama, shi ne duk abin da take da shi a mako.

Ni kuwa a wannan sa'ar ina sahu. Haka muka raba, ni masallaci, ita tebur. Mai taya ta ita ce abokiyar aikinta, wata Kirista 'yar Filato, wadda ke zuwa da tsohuwar motarta tun kafin a tare hanya. Ina kiranta Madam, tana kirana Oga. In na dawo na yi sallama, fuskokinsu kawai nake dubawa in san sakamako. Kullum abu ɗaya ne: na kusurwar yana motsi, amma ba a saurin da lissafi ya ce ba, kuma yana jan maƙwabtansa su rikice tare. Matata takan ce bai fito tas ba. Watanni suka yi ta tafiya a haka har suka zama shekaru, ni kuma na saba da cin abincin Juma'a da wadda hankalinta ke wani ɗakin.

Wani mako sai ta sa na biya wurin mai walda na karɓo mata wasu dogayen ƙarafa guda huɗu, masu faɗi, da ramukan ƙusa a jiki. Na hau tudu da su ina mita. Na tambaye ta na mene ne, ta ce zan gani.

Juma'ar nan da na dawo, tun daga ƙofa na ji ihu. Na shiga na tarar da mata biyu masu digiri suna tsalle a tsakar falo, Madam ta cire takalmi, matata tana dariya hawaye na zuba. Ta riƙe wuyan babbar rigata ta ce, "Ya yi! Wallahi ya yi! Shi kaɗai!"

Na nufi ɗakin. Daga bakin ƙofa na hango faifan ya cika har baki, duk ƙarafan da ta cire ta mayar da su. Kafin in ƙara taku ta sha gabana, ta yaye zane ta rufe teburin.

"Me kika canza?"

"Ba zan faɗa ba. In na faɗa maka za ka gyaɗa kai ka ce ka gane, alhali ba ka gane ba. Gani za ka yi."

"Ta yaya? Sai in bar Juma'a?"

Ashe ta riga ta shirya. Masallatan Abuja ba lokaci ɗaya suke Juma'a ba. Na kusa da ofishinmu yana riga na unguwarmu da kusan awa guda. Ta ce in yi salla a can, ana sallamewa in ɗauko hanya, zan iso kafin limaminmu ya gama huɗuba. Na ce mata wannan dabarar ai ta fi ta teburin. Muka ajiye magana a kan Juma'a mai zuwa.

A farkon makon ta tafi Lokoja sunan ɗan ƙanwarta. Ta tafi da kwamfutarta, wai za ta fara rubutu a can. A hanyar dawowa, kusa da Abaji, motar da ta shiga ta haɗu da tirela. Wani baƙo ne ya kira ni, ina ofis da fayil a hannu. Ban san inda na ajiye fayil ɗin ba har yau. Wayarta da kwamfutar ba a same su ba. Ranar Alhamis muka kai ta makwancinta, Juma'ar da muka yi alkawari kuwa a masallacin unguwa na yi ta, mutane na riƙe da ni.

Zaman makoki kowa ya san tsarinsa. Maza a waje ƙarƙashin rumfa, mata a cikin gida. Ni ina waje daga safe zuwa dare, ina miƙa hannu ina amsa "ya haƙuri", ina kwana a gidan maƙwabci. Gidan kuwa ya cika da mata daga garinsu da garinmu, ga shi ɗaki biyu ne da falo. Gwaggonta, yayar mahaifinta, ita ce babba, ita ke tsara komai. Ban tuna da teburin ba. A kwanakin nan ko sunana da ƙyar nake tunawa.

Bayan addu'ar uku na shiga gida. Na buɗe ɗakin aikin na ga tabarmi da jakunkuna da jarirai suna barci. An jingine teburin da bango. Faifan yana tsaye a bayansa, ramuka kawai, ba ko tsinke ɗaya.

Gwaggo ta biyo ni tana jan ƙafa. Ta janyo robobi uku daga lungu ta buɗe min. "Ɗan nan, ga kayan 'yata, ko ɗaya bai ɓata ba, a gabana aka yi. Ka ga ƙarafan, ka ga manyan wayoyin, ka ga ƙananan, kowanne da mazubinsa. Na sa an wanke su tas. Duk sun yi maiƙo, ga wani farin abu a kansu kamar kashin tsuntsu, sai da aka sa soson ƙarfe." Injinan biyu ta naɗe su da zanen matata ta ɗora a kan wadrob, don kada yara su taɓa.

Ni mai saurin fushi ne, duk dangi sun sani. Na buɗe baki zan yi faɗa. Sai na dubi tsohuwar nan da idanunta suka kumbura, wadda ta goyi matata a bayanta, ta zauna ta sa an wanke ƙarafa ɗaya bayan ɗaya don tana ganin shi ne hidimar ƙarshe da za ta yi mata. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Gwaggo." Na shiga banɗaki na rufe ƙofa, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Abu na ƙarshe da hannunta ya jera ke nan, kuma ko kallon kirki ban yi masa ba.

Da baƙi suka watse gidan ya yi min faɗi. Na koma aiki, amma in na dawo ban san inda zan sa kaina ba. Wata yamma na kwantar da faifan a kan teburin na janyo robobin. Hannuna ya san aikin. Na kafa tsinkayen, na ɗora ƙarafan, na shiga maƙala sifirin, mai kauri, siriri, mai kauri, siriri. Na cika faifan har baki, kamar yadda na hango shi ranar ƙarshe, kowane gida da mutum huɗu cif, har na kusurwa. Ba abin da ya yi saura a robobin, ba abin da ya gaza, sai na tabbata na yi daidai. Na ɗauko ruwan goge rubutu na ɗiga wa kowanne. Ɗigogina ba su kai nata kyau ba, nata ƙanana ne a tsakiya sosai, nawa wasu sun zuba gefe.

Na gama, amma ban san yadda ake kunna komai ba. Nakan zauna kawai in taɓa ɗaya in ga sauran suna lilo. Abin da nake so bai wuce ɗaya ba, in ga abin da ya sa ta tsalle. Na san ba zai dawo da ita ba. Amma akwai farin ciki guda da ta yi wanda ba ni da rabo a ciki, kuma ta gayyace ni, ban samu zuwa ba.

Ana nan sai Madam ta kira. Tun ranar farko da ta zo gaisuwa, ba mu sake haɗuwa ba. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ya sa ta kira. "Oga, sori, wallahi ban so in kira ka a kan wannan ba. Difatmen namu na jami'a ya ce a dawo da injin biyu ɗin. Akwai wani ɗalibi yana jira. Na roƙe su, na roƙe su, sun ce wannan sati."

Na ce, "Madam, ki ba ni Juma'a ɗaya. Ki zo ki kunna min in gani, sannan ki tafi da su."

Na ji tana jan hanci. Ta ce za ta zo da kwamfutarta. Ban gaya mata an wargaza teburin ba. A ganina na riga na mayar da komai, me zai sa in ƙara mata baƙin ciki.

Ranar Juma'a na bar mata makulli wurin maƙwabciya. Na yi salla a masallacin kusa da ofis, a sahun baya kusa da takalma. Allah ya yafe min, huɗubar ban riƙe ko kalma ba. Ana sallamewa na ruga mota. Na iso gindin tudu na tarar an fara shimfiɗa tabarmi a hanya, sai na yar da motar a nan, na tattare babbar riga na bi 'yar hanyar ƙafa da ke ratsa bayan gidaje.

Ina hawa ina haki sai na lura da wani abu. Ban taɓa jin unguwarmu a wannan lokacin ba. Ba nakiya, ba tifa, ba inji. Ina jin kaza tana tono, ina jin wata mata tana yi wa ɗanta faɗa can ƙasa, muryar liman tana zuwa daga nesa sama-sama. A cikin wannan shirun matata ta yi duk Juma'o'inta, ni ban san ma akwai shi ba. Na tsaya na dafa bango, ba don gajiya kaɗai ba.

Na tarar Madam ba ta daɗe da isowa ba, cunkoso ya riƙe ta. Ta duƙufa tana haɗa wayoyi, ko ɗago kai ba ta yi sosai ba. Ta ɗaura mai girgizar a jikin faifan, ta saita jan hasken a kan ƙarfen kusurwar da ke kusa da taga, ta ce in tsaya nan in zuba masa ido. "In ya fara, farin ɗigo zai zama layi. Za ka gani da ido."

Ta kunna. Faifan ya fara gurnani a hankali. Duk ƙarafan suka ɗauki rawa tare, ɗigogin suka zama 'yan layuka. Ta ƙara sauri, sai suka tsaya cak, duka. Ta ce, "Yawwa, nan ne. Yanzu shi kaɗai zai tashi." Na ƙura masa ido har idona ya yi ruwa. Bai motsa ba. Ta ƙara kaɗan, ta rage kaɗan. Yana tsaye kamar sauran.

Sai a lokacin ta ɗago ta dubi teburin da kyau. Ta taɓa wani ɗigo da ya zuba gefe, ta dube ni. "Oga, waye ya taɓa wannan?"

Na gaya mata a gajarce.

"Ƙarfe dogo guda huɗu ɗin yana ina? Wanda ka karɓo wurin mai walda?"

Sai na tuna da su. Ba sa cikin robobin, shi ya sa ban neme su ba.

Ta ce, "Shi ne duka maganar! Da muna cire na baki, bai yi ba. Sai ta ce a mayar da su, amma a danne su da dogon ƙarfe, a ɗaure da ƙusa, kada su motsa ko kaɗan. Kai ka bar kowa yana motsi. In gidan ya cika, ba wanda zai tashi shi kaɗai."

Na san inda suke. Tun bayan makoki nake wuce su a bayan gida ban kula ba. Na fita da gudu. Suna nan kan duwatsun murhun da mata suka kafa, a kansu aka ɗora babbar tukunyar shinkafar sadaka. Sun yi baƙi ƙirin, wuta da nauyi sun tanƙwara su. Na kawo ɗaya, Madam ta gwada shi a bakin faifan, tsakiyarsa na taɓawa, bakinsa biyu na sama. Ta ajiye shi a ƙasa.

Daga nesa muka ji an tayar da iƙama. Raka'a biyu ce ta rage mana, kuma limaminmu ba mai dogon karatu ba ne.

Madam ta dubi hannuwana. "Oga, naɗe riga. Sa hannu ɗaya a nan, ɗaya a nan. Danna da ƙarfi. Wannan ba zai shiga takarda ba, hannun mutum yana rawa. Amma ka gani dai."

Na cire babbar rigar na jefar, na naɗe hannun 'yar ciki har sama. Na kwantar da damtsen dama daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu a kan sahun bakin faifan, na hagu a kan sahun ɗaya gefen, tafukana suka haɗu a kusurwa. A ƙarƙashin tafukan akwai ƙarafa uku na gidan kusurwar. Na huɗun yana ciki kaɗan, a sake, daidai ƙarƙashin fuskata. Na danna da duk nauyina, ƙarafan suna nitsewa a fatata.

Ta kunna. Tsakiya ta yi rawarta ta tsaya. Madam tana murɗa saurin a hankali, tana cewa in riƙe, in riƙe. Ina jin liman ya kai ƙarshen Fatiha, amin ta taso daga ƙasan tudu.

Sai farin ɗigon ya miƙe ya zama layi.

Na duba tsakiya, kowa na tsaye. Na duba gefe, kowa na tsaye. A duk faɗin teburin nan shi kaɗai ke karkarwa, da ƙarfi, har yana fitar da 'yar ƙara siririya. Maƙwabcinsa na gidan gaba yana ɗan motsi da ƙyar, na bayansa ko alama. Kuma ina jin sa a tafin hannuna. Sifirin masu kaurin da suka haɗa shi da 'yan gidansu suna nan, yana jan su, yana saki, yana jan su, su kuwa na danne su ba sa amsawa.

Na ce, "Madam, tunda ba za su motsa ba, me ya sa ta mayar da su?"

Ta ce, "In ka cire su gaba ɗaya, saurinsa yana canzawa, sai ya ɓace cikin sauran. Dole yana ɗaure da su. Su dai ba za su motsa ba."

Hawaye ya ɗiga a kan faifan, ba ni da hannun sharewa. Na yi kewarta a wannan lokacin fiye da ranar da muka binne ta. Da tana nan da ta tsaya a bayana tana cewa, Yallaɓai, kada ka gyaɗa kai, ka dai duba. Na duba. Na ga abin da ta gani, yana da kyau ƙwarai, kuma ba wanda zan juya in gaya wa haka.

Liman ya sallame. Ba a jima ba janareton mai walda ya tashi, sai injin markaɗe, can kuma tifar farko ta gangaro. Ɗigogin duk suka fara ɓari, na kusurwar ya shige cikinsu. Madam ta kashe injin. Ta ce, "Oga, ya isa, za ka iya saki." Sai da ta faɗa sau biyu, ta zo ta ɗaga min hannu ɗaya da kanta.

Na taya ta naɗe wayoyin, na sauke mata injinan biyu har mota. Ta ce in Allah ya yarda wata rana za a ƙarasa aikin da sunan matata a sama. Na ce Allah ya sa. Zanen da Gwaggo ta naɗe su da shi na karɓe, na dawo na rufe teburin da shi. Yana nan a rufe, ba abin da zai ƙara girgiza shi sai nakiya.

Da aka kira la'asar na zauna alwala a bakin ƙofa. Na zo wanke hannu zuwa gwiwa sai na ga sawun ƙarafan a fatata, zagaye-zagaye a jere, ja wur, daga wuyan hannu har gwiwa, dama da hagu. Na daɗe ina kallonsu, buta a hannu. Na wanke a hankali, ban cuɗa ba. Da na zo alwalar magariba na duba, sun tafi.